Kafuwar FIMA: Bikin Nunin Tufafin Afirka daga Tigidit zuwa Yamai

Bikin nunin tufafin Afirka na ƙasa da ƙasa, wanda aka fi sani da FIMA, wato haruffan farko na sunansa a Faransanci, an kafa shi ne a Jamhuriyar Nijar a watan Nuwamban 1998, kuma wanda ya assasa shi shi ne Seidnaly Sidhamed, mai tsara tufafin da duniya ta sani da laƙabin Alphadi. Tarihin bikin ya tsaya ne a kan haɗuwar abubuwa biyu waɗanda ba su saba shan inuwa ɗaya ba. Na farko shi ne tsarin sana'ar ɗinki irin na birnin Paris, inda sunan mutum guda ke zama jarin gida baki ɗayansa, na biyu kuma tsofaffin sana'o'in hannu na ƙasar Hausa da Azbin, inda masaƙi da marini da baduku ke zuba iyakar gwanintarsu a kan kaya, amma kayan su bar hannunsu su shiga duniya ba tare da sunan kowa a jikinsu ba.

Mai tsara tufafi, a ma'anar da ake nufi a nan, ya bambanta da tela, ko da yake dukansu biyu da almakashi da zare suke aiki. Telan da ke zaune bakin kekensa a kasuwar Sanyinna ko ta Tambuwal yana jira ne mai kaya ya zo da yadinsa, shadda yadi biyar ko atamfa turmi guda, a gwada tsawo da faɗin kafaɗa da hannu, a rubuta awon a littafi ko a gefen yadin da alli, sannan mai kayan ya nuna irin ɗinkin da yake so, sau da yawa daga hoton da ke cikin wayarsa. Ra'ayin na mai kaya ne, aikin na tela, kuma idan rigar ta yi kyau ranar Sallah wanda ya sa ta ake yaba wa. Shi kuwa mai tsara tufafi shi ke fara tunanin siffar rigar tun babu wanda ya nema, ya zana ta a takarda, ya zaɓi yadin da kalar da adon, ya sa a ɗinka jerin kaya masu ɗauke da ra'ayi ɗaya, ya nuna su ga jama'a a jikin masu tallan kayan ƙawa, daga nan masu saye su biyo baya. Sunansa kuma ana ɗinke shi a cikin wuyan rigar, kuma wannan ɗan ƙyallen ne ke ninka kuɗinta.

Wannan tsari a Paris ya ginu. Charles Frederick Worth, Bature ɗan Ingila da ya buɗe gidan ɗinkinsa a birnin a 1858, shi ake jingina wa al'adar liƙa suna a jikin riga da nuna kaya a jikin mata masu rai maimakon gumakan katako, kuma a 1868 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda daga baya ta zama mai tantance gidan da ya cancanci a kira aikinsa haute couture, wato babban ɗinki na hannu da ake yi wa mutum ɗaya bisa awonsa. Gabrielle Chanel, wadda ta fara da shagon huluna a 1910, ta sauƙaƙa suturar matan Turai ta hanyar raba su da ɗamarar da ke matse ciki da kuma amfani da yadi mai laushi, sannan a 1921 ta fitar da turarenta mai lamba 5, abin da ya koya wa gidajen ɗinki darasin da suke rayuwa a kansa har yau: babban ɗinki yana kawo suna, amma turare da jaka da kayan da aka ɗinka da yawa su ke kawo kuɗi.

Wanda ya fi kusa da labarin FIMA a cikin manyan Faransa shi ne Yves Saint Laurent, wanda aka haifa a nahiyar Afirka, a birnin Oran na Aljeriya, a 1936. Ya gaji shugabancin ɗinki a gidan Dior a 1957 yana ɗan shekara 21, ya kafa nasa gidan tare da Pierre Bergé a 1961, kuma a 1966 ya buɗe shagon Rive Gauche na ɗinkakkun kaya, wanda ya kai salon babban ɗinki ga matan da ba su da ƙarfin sayen na asali. A 1967 ya fitar da jerin kaya da ya ɗauko adonsu daga Afirka, da duwatsun ado da wuri da zaren tukurwa, kuma yana cikin na farko da suka riƙa ɗaukar baƙaƙen mata su nuna kayansu a kai a kai, ciki har da Katoucha Niane 'yar Gini. Duk da haka, hanyar da kaya ke bi ba ta sauya ba: ado da kala da kyawun jiki daga Afirka suke fitowa, sunan da ke wuyan rigar kuwa na Paris ne.

Wannan rabo ya girmi Saint Laurent da ƙarnoni. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema ke jeme ta da bagaruwa su rina ta da karan dafi, ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa gaɓar Bahar Rum, daga can ta shiga Turai inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita, amma sunan da ta samu a kasuwar Ingila shi ne fatar Maroko, saboda ta hannun fataken arewacin Afirka Turawa suka san ta. Haka nan Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ya yi amfani da sunan Abdulkarim, wanda ya sauka Agadas a 1850 ya kuma isa Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen tufafin Kano yana kaiwa har Tambutu, inda ya ƙiyasta abin da ake kaiwa can kawai da kayan raƙumi 300 a shekara. Turkuɗi, wato baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake rinawa da baba a sake rinawa, a shafa masa shuni a buge shi a mabuga har ya yi walƙiya kamar ƙarfe, a yankin Kura ake yin sa, amma a kan Buzaye duniya ta san shi, kuma shunin da yake bari a fatarsu ne ya sa Turawa ke kiran su shuɗɗan mutane. Ba a rasa gwaninta a wannan yanki ba. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai dawo wa gwanin da suna da riba.

A Tambutun da Barth ya ambata aka haifi Alphadi a 1957, a gidan 'yan kasuwa, amma a Nijar ya tashi. Fannin yawon buɗe ido ya fara karantawa a Faransa, ya dawo ya yi aiki a ma'aikatar da ke kula da wannan fanni a Yamai, kuma wannan sani ya yi masa rana daga baya, domin FIMA tun daga tushe rabinsa nunin tufafi ne, rabinsa tallar ƙasa ga baƙi. Ya koyi tsara tufafi a makarantar Chardon Savard da ke Paris, ya kafa tambarinsa a 1984, ya nuna jerin kayansa na farko a Paris a 1985. Abin da ya bambanta ɗinkinsa shi ne yadda yake ɗaukar yanka irin na Turai ya haɗa shi da kayan gida: saƙar hannu mai ƙananan ƙwarya irin ta Zabarmawa da Hausawa, aikin fata na dukawa, surfani irin na wuyan babbar riga, da azurfar maƙeran Azbin, musamman abin wuyan nan da Turawa ke kira kuros ɗin Agadas. Ba shi ne na farko a wannan turba ba. Chris Seydou ɗan Mali, wanda ya yi aiki a gidajen ɗinkin Paris kafin ya koma gida, shi ya fara yanka bogolan, wato saƙin Bambara da ake yi wa zane da laka, ya mai da shi kwat da siket, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu tsara tufafi ta Afirka. Da ya rasu a 1994, Alphadi ne ya karɓi shugabancin ƙungiyar, kuma daga wannan kujera ya fara neman yadda za a yi taron da manyan Paris za su taso su zo Afirka, maimakon a ce kullum 'yan Afirka ne ke bin layin neman biza. A shekarar da bikin ya kafu, shi da Oumou Sy ta Senegal da Tetteh Adzedu na Gana suka raba babbar lambar yabo ta Yarima Claus da ake bayarwa a ƙasar Holan.

Zaɓen wurin taron farko yana da nasaba da halin da Nijar ke ciki a lokacin. Faɗuwar farashin yuraniyom a shekarun 1980 ta karya tattalin arziƙin ƙasar, an rage darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, sannan tawayen Abzinawa da ya ɓarke a farkon shekarun 1990 ya kori masu yawon buɗe ido daga Agadas, garin da ɗimbin mutanensa, daga direbobi da 'yan jagora zuwa maƙera da dukawa, suka dogara ga baƙi. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995, amma ba a gama shawo kan sauran ƙungiyoyin ba sai da aka ƙara wasu yarjejeniyoyin a 1997 da 1998. Gwamnatin Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya hau mulki ta hanyar juyin mulki a Janairun 1996 kuma ƙasashen Yamma ke yi masa kallon hadarin kaji, tana buƙatar abin da zai nuna wa duniya cewa arewa ta lafa, shi ya sa ta rungumi shawarar Alphadi. Buƙatar mai ɗinki da buƙatar mai mulki suka zo ɗaya, kuma wannan dogaro ga gwamnati ya zama ƙarfin bikin da rauninsa a lokaci guda.

Tigidit wani dogon dutse ne mai gangare da ya miƙe a kudu da Agadas ya nufi wajen Ingal, garin da makiyaya ke taruwa kowace shekara don lasar gishirin dabbobi. Wuri ne da masu binciken ƙasusuwan halittun da suka shuɗe suka fi masu ado sani, har ma wata ƙatuwar dabba da aka tono a yankin aka sa mata suna Jobaria tiguidensis a 1999. Babu wutar lantarki a can, babu famfo, babu masauki, saboda haka dandamalin da za a taka, da fitilu, da injinan wuta, da ruwan sha, da tantunan kwana, duk sai da aka ɗauko su a mota aka bi da su ta cikin rairayi, ga kuma sanyin dare na farkon hunturu wanda ba ya ragawa mai tufafi marasa nauyi. A nan aka nuna kayan masu tsara tufafi na Afirka a dandamali ɗaya da kayan manyan gidaje irin su Yves Saint Laurent da Kenzo, a gaban jami'an gwamnati da 'yan jaridar ƙasashen waje da makiyayan yankin. Ta fuskar lissafin kuɗi, kai irin wannan taro tsakiyar hamada ganganci ne, amma ta fuskar talla dabara ce da ta ci, domin da a wani otal na Yamai aka yi shi da bai wuce labarin shafin ciki ba, alhali hoton mai tallan kaya tana tafiya a gaban dutse da raƙuma ya zagaya duniya.

Wata biyar bayan haka, ranar 9 ga Afrilun 1999, dogaran Ba'are suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, bikin ya rasa uban gidansa na farko. Zagaye na biyu an shirya shi ne a Nuwamban 2000 a kusa da Yamai, ƙarƙashin gwamnatin Tanja Mamadu, kuma a nan ne FIMA ya gamu da jarrabawar da ta fi kowace tsanani. Tigidit nesa yake da idon jama'a, Yamai kuwa babban birni ne mai masallatan Juma'a da gidajen rediyo masu zaman kansu da ƙungiyoyin addini waɗanda suka samu 'yancin magana tun bayan taron ƙasa na 1991. Ga shi kuma lokacin ya zo daidai da guguwar Shari'a a ƙetaren iyaka, wadda Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999, jihohi irin su Sakkwato da Katsina da Kano suka bi sahu a 2000, kuma duk abin da aka faɗa a Katsina da safe yana isa Maraɗi kafin la'asar. Ƙungiyoyin Musulunci suka yi tir da bikin a matsayin taron tsiraici da zai jawo fasadi da fushin Allah, suka fito zanga-zanga a Yamai inda jami'an tsaro suka tarwatsa su, a Maraɗi kuma abin ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista. Gwamnati ta kama wasu shugabanni, ta rusa wasu ƙungiyoyi, aka yi bikin cikin tsaro, shi kuma Alphadi, wanda Musulmi ne, ya sha barazanar kisa.

Kuskure ne a taƙaita wannan rikici a matsayin karo tsakanin wayewa da jahilci, kamar yadda wasu jaridun Turai suka yi a lokacin. Sutura a wannan yanki magana ce ta mutunci da addini tun kafin zuwan Turawa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, ya yi rubutu da wa'azi a kan suturar mata da cakuɗuwarsu da maza, saboda haka mutumin da aka rena a kan wannan karatu ba ya buƙatar wani ya zuga shi kafin ya ji nauyin ganin 'ya mace tana tafiya a dandamali kafaɗa a buɗe. Akwai kuma fushin talauci, domin ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi na watanni a daidai lokacin da ake ganin ana hidimar baƙi. Barbara Cooper, masaniyar tarihi Ba'amurkiya da ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta nuna cewa waɗanda suka ɗanɗana kuɗar tarzomar ba su da hannu a shirya bikin, kuma da yawansu mata ne marasa aure da marasa galihu waɗanda aka saba ɗora wa laifi duk lokacin da al'amura suka dagule. Wannan shi ne ɓangaren labarin da ya fi muni, ganin cewa baƙin da suka zo daga Paris sun koma gida lafiya, matar da aka ƙona wa ɗaki kuwa ba ta taɓa ganin dandamalin ba. Shekara biyu bayan haka aka ga makamancin wannan a Kaduna, da asarar rayuka masu yawa, kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ta 2002, wadda dole aka mayar da ita Landan.

FIMA bai mutu ba, kuma bai koma hamada nan da nan ba. Ya zauna a Yamai da kewayenta, ana yin sa kusan duk bayan shekara biyu, kuma a hankali ya tashi daga dare ɗaya na nuni ya zama taro mai rassa, da baje kolin masu sana'ar hannu, da tarukan tattaunawa, da gasar matasa masu tsara tufafi, da gasar masu tallan kaya, da ta dukawa da maƙeran kayan ado. Waɗannan gasa su ne ainihin aikin bikin, ko da yake ba su ne ke jan kyamara ba, domin ta nan ne matashi daga Bamako ko Wagadugu ko Damagaram ke samun a ambaci sunansa tare da abin da hannunsa ya yi, wato daidai abin da majemin Sakkwato bai samu ba. Masu shirya bikin sun kuma koyi yin magana da harshen da gwamnati da masu ba da tallafi ke so, inda taken kowane zagaye ke jingina da zaman lafiya ko ilimi ko samar da aikin yi.

Matsalar da ta biyo baya ta tsaro ce. Sace Turawa ma'aikatan yuraniyom a Arlit a Satumban 2010, da harin da aka kai Agadas da Arlit a Mayun 2013, da rikicin Boko Haram a yankin Difa, sun sa gayyatar baƙi zuwa Nijar ta yi wuya, kuma a Nuwamban 2015 aka ɗage bikin ana saura kwanaki a fara, jim kaɗan bayan harin da aka kai wani otal a Bamako. A 2016 hukumar UNESCO ta naɗa Alphadi jakadanta na fasaha don zaman lafiya, kuma a Disambar shekarar aka mayar da bikin Agadas, garin da tsohon ɓangarensa, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Cikar bikin shekara 20, a 2018, ba a Nijar aka yi ta ba, a Dakhla aka yi ta ƙarƙashin inuwar Sarki Muhammad na Shida na Maroko, kuma da yake Dakhla tana cikin Yammacin Sahara, yankin da ake taƙaddama a kan mallakarsa, an sake ganin yadda mai masauki ke amfani da taron ado don isar da saƙon siyasa, kamar yadda Ba'are ya yi a Tigidit. Bikin ya dawo Yamai, sannan a 2022 aka yi shi a Rabat.

Idan aka auna FIMA da burin da ya ɗora wa kansa, sakamakon ya rabu biyu. Ta fuskar suna da salo ya yi tasiri, domin haɗa saƙar gida da yanka na zamani, wanda a shekarun 1980 ake yi wa kallon baƙon abu, yanzu ya zama ruwan dare a bukukuwan aure daga Yamai zuwa Kano, kuma sauran biranen Afirka sun kafa nasu makwannin nunin tufafi. Ta fuskar masana'anta kuwa, wadda Alphadi ya sha cewa ita ce manufa, dandamali ya yi wa masaƙa nisa. Shaddar da ake alfahari da ita, irin su Getzner, daga Ostiriya take zuwa, atamfar Vlisco daga Holan, mai araha daga Sin, gwanjo kuma daga ko'ina, yayin da masaƙun Kaduna, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957 suka ɗauki dubban ma'aikata, suka rufe ɗaya bayan ɗaya a cikin shekarun 2000, wato a daidai shekarun da bikin ke bunƙasa. Alphadi ya bi sawun Chanel ya fitar da turare mai suna l'Aïr, wato sunan duwatsun Azbin a Faransanci, ya kuma daɗe yana fafutukar kafa babbar makarantar koyon tsara tufafi a Yamai, amma turare da makaranta ba sa maye gurbin auduga da lantarki da kasuwar da aka kare daga fasa-ƙwauri.

Akwai kuma batun magaji, wanda a nan ne bambanci da Paris ya fi fitowa. Chanel ta rasu a 1971, gidanta ya yi sanyi na ɗan lokaci, sannan Karl Lagerfeld ya karɓi ragamarsa a 1983 ya farfaɗo da shi. Saint Laurent ya yi ritaya a 2002 ya rasu a 2008, kuma ana ci gaba da fitar da kaya da sunansa, saboda a can sunan ya riga ya zama kadara mai masu hannun jari da lauyoyi da rumbun ajiyar zane-zane. FIMA kuwa, a dukkan zagayen da aka yi daga Tigidit a 1998 zuwa Rabat a 2022, mutum ɗaya ne ya nemo kuɗin, ya shawo kan shugabanni, ya gayyato baƙi, ya kuma fito a ƙarshen nuni ya gaisa da jama'a.